Kwana Goma Babu Magariba: Tafiyata Svalbard a Jirgin Ruwa

Shekara 31 na yi ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare a Zariya da kewaye. Duk shekara sai in zana ƙwallon duniya a allo, in ja layi can kusa da ƙoƙonta, in rubuta digiri 66 da rabi, in ce wa yara daga nan zuwa sama akwai lokacin da rana ba ta faɗuwa. Kuma duk shekara sai an sami mai ɗaga hannu: "Malam, to su yaushe suke shan ruwa da azumi?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuma in ba da amsar littafi in wuce, domin ni ma a takarda na san abin.

Bayan na yi ritaya, 'yata Ummi, wadda ke aikin likita a Ingila, ta bugo waya ta ce ta biya mana kujera biyu a wani ƙaramin jirgin ruwa mai zagaya tsibiran Svalbard a watan Yulin 2025. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka ba na yi mata dogon musu. Amma da ta faɗi kuɗin kujera ɗaya sai da na ce ta maimaita, domin ya haura na kujerar Hajji. Ta ce, "Abba, ka riga ka sauke farali. Wannan kuma ka je ka ga abin da ka yi ta koya wa 'ya'yan mutane."

Wahalar farko ta takarda ce. Svalbard ƙarƙashin Norway take bisa yarjejeniyar 1920, kuma ba a neman biza kafin a shige ta, ko daga wace ƙasa mutum ya fito. Sai dai jiragen sama daga Oslo ko Tromsø, biranen Norway, suke tashi, ita kuma Svalbard ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Norway ke cikinsu. Ma'ana idan ka tashi daga Oslo ka fita ke nan, in ka dawo kuma sabuwar shiga ce. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza mai shiga biyu. Ni kuwa na cike fom na zaɓi shiga ɗaya, ina ganin ai ƙasa ɗaya za ni. Allah ya taimake ni na tura wa Ummi hoton fom ɗin ta WhatsApp kafin in miƙa. Da ba haka ba, da sai a hanyar dawowa zan gane kurena.

Kamfanin jirgin ya aiko da takardar lafiya, likitana ya sa hannu saboda hawan jini, sannan suka wajabta inshorar da za ta biya kuɗin ɗauko mutum da helikwafta. Asibitin Longyearbyen, babban garin Svalbard, ƙarami ne, ciwo in ya yi tsanani sai an kai mutum Tromsø. Jerin tufafi ma an aiko, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a guji auduga, don tana shan gumi ta riƙe sanyi a jiki. Mutumin da ya tsufa cikin shadda da yadi! Aka saya mini rigar ulu mai manne wa jiki, da suwaita, da wando mai hana ruwa, da safar hannu biyu. Kilishin da Hajiya ta ƙulle mini a gida na bar shi, domin ba a shiga Norway da nama daga ƙasashenmu. Yaji da dabino kawai suka tsira.

Daga Abuja na bi ta Istanbul zuwa Oslo, muka haɗu da Ummi, washegari muka yi kusan awa uku a sama zuwa Longyearbyen. Garin yana kan digiri 78, mutanensa ba su wuce dubu biyu da 'yan ɗaruruwa ba, sunansa kuma daga wani Ba'amurke ne, John Longyear, wanda kamfaninsa ya fara haƙar kwal a wurin a 1906. Babu itace ko ɗaya. Gidajen a kan turaku suke saboda ƙasar a daskare take. A ƙofar otal na ga an jera takalma, ashe al'adar garin ce tun zamanin ma'aikatan kwal, a tuɓe kafin a shiga. Na ce wa Ummi waɗannan sun san ladabin zaure.

Da yamma aka kai mu ƙofar rumbun iri na duniya, wanda aka haƙa cikin dutse aka buɗe a 2008. Ba a shiga, ƙofar kankare kawai ake gani ta leƙo daga gefen tsauni. Amma na san cewa cikin akwatunan farko da suka iso akwai na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, da irin wake da masara da gurjiya. Na tsaya ina tunanin wakenmu kwance a ciki, cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ya riga ni zuwa da shekara 17.

Jirgin namu ba irin manyan nan masu kama da unguwa ba ne. Mu ɗari da 'yan kai ne fasinja. Tun daga farkon 2025 dokar Norway ta hana jirgin da ya ɗauki fiye da mutum 200 shiga wuraren da aka keɓe, ta kuma taƙaita sauka a cikinsu ga wurare 43. Kafin a ɗaga anga aka tara mu kowa da rigar ceto, aka nuna mana kwalekwalen tsira. Daga nan kyaftin ya gabatar da mutumin da ni na sa wa suna madugu, domin aikinsa ke nan: kyaftin ke da jirgi, shi kuma ke da tafiya. Ya nuna taswira, ya ce niyyarmu mu zagaye babban tsibirin Spitsbergen cikin kwana goma. Ya ce takardar shirin gobe da za a manna kowane dare shiri na farko ne, akwai na biyu da na uku, kuma iska da ƙanƙara da farin beyar, ƙatuwar dabbar nan mai farauta a kan ƙanƙara, su ke da magana ta ƙarshe. Wani Bajamushe ya tambaya ko wace rana za a ga beyar ɗin. Madugu ya yi murmushi kawai. Na raɗa wa Ummi cewa da Bahaushe ne da ya ce "in Allah ya yarda" ya huta.

Washegari da safe aka yi abin da ban zata ba. Kowa ya kawo kayan da zai sauka da su, aka ba mu na'urar zuƙe ƙura, mu bi aljihu da ɗinki da tafin takalmi. Dalili shi ne kada a shigo da irin ciyawar wata ƙasa. Wata 'yar jagora ta karɓi jakata ta goyo, ta juya maɗaurinta, ta sa hantsaki ta zaro wani abu ta ɗaga sama. Ƙarangiya ce, ƙwaya biyu. Tun daga gonata ta hanyar Giwa suka maƙale, suka tsallake filin jirgi uku. Ta tambaye ni sunanta, na faɗa, ta yi ta ƙoƙarin furta ƙa ɗin ta kasa. Ta jefa su cikin 'yar leda ta liƙe. Ƙarangiya dai ko a ƙarshen duniya ba ta sake hali ba.

Sauka ƙasa kuwa tana da tsari kamar faretin soja, sau biyu a rana in yanayi ya bari. Jagorori ke fara tafiya da bindiga da ta harba wuta, su hau tudu su leƙa kowane kwari da madubin hangen nesa. Sai sun yi rediyo sun ce babu beyar sannan a kira rukuni-rukuni. A gangara ɗakin takalma, a sa dogon takalmin roba da jirgi ya ba da aro, a ɗaura rigar ceto, a goga kati a na'ura don a san wa ya fita, a taka cikin ruwan magani. A bakin jirgi kwalekwalen roba mai inji, Zodiac, yana hawa yana sauka da igiyar ruwa. Ba a miƙa tafin hannu, tsintsiyar hannun matuƙi za ka kama shi ma ya kama taka, ka taka gefe, ka zauna nan take. Ranar farko na yi gardama da ƙafata, na faɗa kan cinyar wata tsohuwa 'yar Ostareliya. A gaɓa kuma babu matakala, cikin ruwa ake dira, ya kai ƙwauri.

Ny-Ålesund muka fara zuwa, tsohon garin kwal da ya koma sansanin masu bincike, har da na Sin da Indiya. An umarce mu mu kashe Wi-Fi da Bluetooth, saboda na'urorin auna duniya da ke wurin ba sa son hayaniyar waya. A bayan gari akwai dogon turken ƙarfe inda aka ɗaure balan-balan ɗin Norge, wanda masu binciken nan Amundsen da Nobile suka tashi da shi a 1926 suka ratsa ta kan ƙoƙon duniya. A hanyar zuwa wata 'yar farar tsuntsuwa mai jan baki ta kawo mini sara a ka, don na matso kusa da ƙwanta. Jagora ya ce in ɗaga hannu sama kawai in ja da baya. Wannan tsuntsuwa duk shekara takan tashi daga nan har kudancin duniya ta dawo, kuma da yawansu ta gaɓar Afirka ta Yamma suke bi. Na yafe mata, matafiyiya ce.

Maganar salla tun a gida na kai wa Yaya Malam, wana, wanda ke karantarwa a zaurensa. Ya ce, "Ai Annabi ya riga ya ba da amsa." Ya kawo hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda sahabbai suka tambaya game da yinin da zai yi tsawon shekara, ko sallar yini ɗaya ta ishe su, aka ce a'a, ku ƙaddara masa. Ya ce malamai sun ba da hanya biyu, ko a bi gari mafi kusa da ke da dare da rana, ko a bi lokacin Makka. Musulmin Tromsø na Makka suke bi idan ranarsu ta ƙi faɗuwa, ni ma shi na ɗauka. Sai dai malamin labarin ƙasa bai rasa ƙari ba. Ranar can, ko da ba ta faɗuwa, tana hawa tana sauka: wajen ƙarfe 1 na rana tana kudu, ta kai kusan digiri 34 a sama, wajen ƙarfe 1 na dare kuma tana arewa, ta sauko kusan digiri 11. Zawali ke nan ana iya ganinsa. Sai na matsar da jadawalin Makka gaba da kimanin rabin awa don azahar ta faɗa bayan zawalin wurin, na rubuta a takarda na liƙa a jikin madubi. Na riƙa yin ƙasaru.

Lissafi daban, zuciya daban. Daren farko na shimfiɗa darduma don magariba, hasken rana ya cika ɗaki kamar hantsi. Na ɗaga hannu zan yi kabbara na sauke. Sai da na ja labule mai kauri na kunna fitila sannan na iya. Alƙibla ma ta juya mini kai, domin daga can Ka'aba kudu take, ta ɗan karkata gabas, ni kuwa tun ina yaro gabas na sani. Ga jirgi yana juyawa cikin lungunan teku. Wani ma'aikacin ɗakin abinci, ɗan Indunusiya, wanda ya gan ni da carbi ya fara ce mini "Haji", shi ya nuna mini tashar talabijin ɗin ɗaki mai nuna inda hancin jirgi ya dosa. Shi ne kuma ya riƙa nuna mini abin da babu naman alade ko giya a ciki. Kifi na ci har na gaji, da yajin Hajiya.

Barci ya gagare ni kwana uku. Ƙarfe biyu na dare sai in tsinci kaina a saman jirgi ina kallon duwatsu masu tsini, waɗanda saboda su Willem Barentsz ɗan Holan ya raɗa wa wurin Spitsbergen a 1596. Sanyin a ma'auni bai kai yadda nake tsoro ba, digiri 3 zuwa 7 galibi. Iskar ce mugunta. Hunturun Zariya yana busar da leɓe, wannan kuwa ƙashi yake nema.

A Smeerenburg, can arewa maso yamma, muka ga abin da ya rage na sansanin 'yan Holan masu farautar manyan kifayen wel a ƙarni na 17: da'irori na baƙin abu kamar kwalta, wato kitsen da ya zubo daga tukwanen narkarwa ya haɗu da yashi ya daskare shekara ɗari huɗu. Sun kashe kifayen har suka kusa ƙarewa, sannan suka watse. A Gravneset kuma kaburburan irin waɗannan mutane ne, wajen 130, an danne da duwatsu. Doka ta kare duk abin da ɗan Adam ya bari a Svalbard kafin 1946, ko tsatsattsen ƙusa ne ba a ɗagawa. Ni da na ga yadda ake kwashe ƙasar ganuwa a yi bulo, na daɗe tsaye a wurin.

Rana ta huɗu aka kira rukuninmu, mun sa takalma, mun yi layi, sai lasifika ta ce a tuɓe, an fasa. Masu leƙe sun hango beyar a bayan tudun da za mu hau. Kowa ya ruga sama da kyamara. Abin da na gani, bayan Ummi ta yi ta nuna mini da yatsa, ɗigo ne mai launin man shanu a jikin dutse, ko motsi ba ya yi. Doka ta ce kada a matsa masa ƙasa da mita 300, daga Maris zuwa ƙarshen Yuni ma 500, kuma haramun ne a bi shi ko a tashe shi. An hana farautarsa tun 1973. Bajamushen nan ya yi ta ƙunƙuni, wai ba wannan ya gani a hoton talla ba. Gaskiyarsa ta wani gefen, hotunan tallan suna sa mutum ya zaci zai shafa kan dabbar. Wanda zai biya wannan kuɗi don beyar kaɗai, gara ya riƙe abinsa.

Ni abin da ya biya ni kunne ne ya ji shi. A gaban kogin ƙanƙara na Monacobreen matuƙinmu ya kashe inji ya ce kowa ya yi shiru. Bangon ƙanƙara ne shuɗi da fari, tsawon kilomitoci, mun tsaya nesa da shi saboda yakan ɓalle. Da shirun ya zauna sai na ji ruwan da ke kewaye da mu yana ƙara, taf-taf-taf, kamar ana toya ƙosai a babban kasko. Matuƙin ya tsamo guntun ƙanƙara ya miƙo mini. Garau take kamar gilashi, cike da ƙananan ƙwayoyin iska. Dusar da ta zuba shekaru aru-aru ce ta danne ta zama dutse, ta kulle iskar zamaninta, yanzu tana narkewa tana sakinta. Na kara a kunne har safar hannuna ta jiƙe. Can sai muka ji kamar aradu, wani ɓangare ya rufto cikin teku, bayan ɗan lokaci igiyarsa ta iso ta ɗaga mu ta ajiye. Da dare masanin ƙasa na jirgin ya nuna mana tsofaffin hotunan wuraren da muka bi, inda ƙanƙara take a da da inda ta ja ta tsaya yau. A Yulin 2020 zafi ya kai digiri 21.7 a Longyearbyen. Na tuna yadda nake koyar da janyewar Tafkin Chadi da taswira biyu gefe da gefe.

Daga nan muka miƙa arewa har muka haye digiri 81, inda teku ke rufe da faranta-farantan ƙanƙara iyakar gani. Jirgi yana tafiya a hankali yana ture su, ana jin gurzarsu a tafin ƙafa. A nan, wajen sha ɗayan dare, rana tsaye, lasifika ta yi magana ƙasa-ƙasa. Kyaftin ya tsayar da jirgi. Beyar ce da ɗanta, suna tafe a kan ƙanƙara, ita tana ɗaga hanci tana shinshina iska, shi yana tsalle daga faranti zuwa faranti yana zamewa. A madubi na ga jini a ƙirjinta, ta ci sil, wata dabbar ruwa, ba da daɗewa ba. Mutum ɗari da wani abu a tsaye, ba ka jin komai sai ƙarar kyamara. Ummi ta riƙe hannuna kamar ranar da na fara kai ta makaranta. Bajamushe kuwa ya riga ya kwanta, sai da safe ya ji labari.

Zagayen da aka yi niyya bai yiwu ba. Mun shiga mashigin Hinlopen, mun bi gindin dutsen Alkefjellet a kwalekwale, inda tsuntsaye wajen ma'aurata 60,000 ke jere a kan 'yan tsagogi, sama ta yi baƙi da su, kashinsu yana sauka a kanmu kamar yayyafi, wata yanyawar ƙanƙara tana sintiri a ƙasa tana jiran abin da zai faɗo. Amma kudancin mashigin ya toshe. Madugu ya nuna taswirar ƙanƙara ta ranar, wajen duk ja, ya ce za mu juya ta inda muka fito. A hanyar komawa iska ta taso, na kwana ina amai, ƙwayar da Ummi ta ba ni tun da rana na ƙi sha don taurin kai. Ta zo da shayi ta tsaya a kaina: "Abba, da marar lafiyata ne kai da na rubuta a fayil." Ladan juyawar shi ne Poolepynten, inda muka tarar da garken walros, wasu dabbobin ruwa, kwance a kan yashi, manya kamar dorina, da haure biyu, suna gurnani suna danne juna. Warinsu ya riga su isowa, kamar majema da kasuwar kifi sun haɗu.

Ranar ƙarshe aka yi al'adar faɗawa teku, a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu ya yi tsalle cikin ruwan da ya kusa daskarewa. Ummi ta shiga ta fito tana ihu. Aka ce saura Haji. Na ce ni na riƙe tawul.

Mun sauka Oslo da yamma, muka kama ɗaki kusa da filin jirgi, jami'in shige da fice ya buga mini shiga ta biyu. Bayan goma na dare na lura bangon ɗakin ya yi ja. Na je taga. Rana ce take nutsewa bayan itatuwa, a hankali, kamar ba ta so. Na tsaya har ƙwayarta ta ɓace, na ciro takardar jadawalin nan daga aljihu na ajiye a kan tebur, na ƙwanƙwasa ƙofar Ummi na ce ta yi alwala, magariba ta yi.